TSAKANIN ƘISASI DA RAMUWAR GAYYA: DARASI A KAN WASAN "THE GODFATHER"

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya haramta zalunci a kan kansa, ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani ɗalibi ya aiko wa wannan fili da wasiƙa, kuma na ga ya kamata in jingine darasin da muke ciki domin in amsa masa a bainar jama'a, saboda na tabbata ba shi kaɗai ne wannan tunani ya taɓa ɗarsuwa a zuciyarsa ba. Ya ce ya kalli wani wasan sinima na Amurka mai suna The Godfather, ya ga wani dattijo shugaban 'yan ta'adda wanda talakawa ke kai wa kuka idan kotu ta tauye musu hakki, shi kuwa yana share musu hawaye. Sai ya yi tambaya: idan alƙali ya kauce, ɗan sanda ya ci hanci, ashe irin wannan mutum bai fi su kusa da adalci ba? Kuma ashe abin da yake yi ba shi ne ƙisasin da shari'a ta zo da shi ba?

Tambayar tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Amma kafin amsa, sai mu san abin da ake magana a kai.

Asalin labarin littafi ne wanda wani Ba'amurke jikan Italiya, Mario Puzo, ya wallafa a 1969. A 1972 Francis Ford Coppola ya mayar da shi wasan sinima na kusan awa uku, Marlon Brando ya fito a matsayin dattijon, watau Vito Corleone, Al Pacino kuma ya fito a matsayin autan 'ya'yansa maza, Michael. Kashi na biyu ya fito a 1974, na uku a 1990. Labarin ƙage ne, amma an gina shi a kan abin da ya wakana. Mutanen da suka yi ƙaura daga kudancin Italiya da tsibirin Sisili zuwa Amurka, mafi yawansu masu neman halaliyarsu ne, amma cikinsu aka sami 'yan ƙalilan da suka tafi da tsohuwar ƙungiyar asirin nan da ake kira Mafiya. Sa'ad da Amurka ta hana sayar da giya daga 1920 zuwa 1933 sai suka yi ƙiba da fasa-ƙwaurinta, kuma tun 1931 suka raba birnin Niyu Yok tsakanin gidaje biyar, da majalisa guda mai sasanta su. Kalmar da aka sa wa wasan kuwa, a wurin Kirista tana nufin mutumin da ya tsaya wa jariri ranar da aka yi masa baftisma a coci, ya zama uba gare shi ta fuskar addini. Mu dai a nan za mu ce ubangida, domin ma'anar da kalmar ta koma ke nan, har ma a bakin 'yan siyasar ƙasarmu.

Bari in ɗan ratse. Wannan tsibiri na Sisili shi ne Siƙilliyya ta littattafanmu. Alƙalin Ƙairawan, Asadu ɗan Furatu, almajirin Imamu Malik, shi ya jagoranci rundunar da ta sauka a garin Mazara a shekarar 827, kuma Musulmi sun riƙe ƙasa a tsibirin har zuwa 1091. Wanda duk ya karanta gabatarwar Muhtasar ya san malamai huɗun da Shaihu Halil ya dogara da su, kuma biyu daga cikinsu, Ibn Yunus da Imamu Mazari, ga wannan tsibiri ake danganta su. Saboda haka kada wani ya ji sunan Sisili ya zaci ba ta taɓa haifar komai ba sai 'yan bindiga.

Wasan ya buɗe ne da abin da ya ruɗi mai tambaya. Ranar bikin 'yar Vito, ana ta kiɗa a waje, shi kuwa yana zaune a wani ɗaki mai duhu yana karɓar masu buƙata. Na farkonsu wani mai sana'ar shirya gawa ne, Bonasera. Wasu samari biyu sun nemi yi wa 'yarsa fyaɗe, ta ƙi, suka lakaɗa mata duka har suka karya mata hanci da muƙamuƙi. Ya kai ƙara, alƙali ya yanke musu shekara uku, sa'an nan ya mayar da shi ɗaurin je-ka-gyara-halinka, suka fita a ranar suna yi masa murmushi. Ya zo yana so a kashe su, kuma zai biya. Vito ya ƙi kisan, da hujjar cewa yarinyar tana da rai. A nan ne mai kallo yake cewa: kai, wannan mutum ya san ma'auni!

To, amma kai ɗan'uwa, duba sauran zancen. Vito bai tambayi shaida ba, bai kira waɗanda ake ƙara ba, bai ji ta bakinsu ba. Abin da ya dame shi shi ne mutumin bai taɓa neman abotarsa ba, kuma bai kira shi ubangida ba. Sai da Bonasera ya sunkuya ya sumbaci hannunsa sa'an nan ya ba da umurni a je a ragargaza samarin, ya kuma gaya masa cewa wata rana zai nemi ya biya da wata hidima. Ashe ciniki aka yi. An sayar masa da ramuwa, an saye 'yancinsa, kuma Hausawa sun riga sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Har wa yau, kotun nan da ta gaza, wa ya gurgunta ta? A cikin wasan kansa an faɗa ƙarara cewa babban jarin Vito shi ne alƙalai da 'yan siyasar da ya saye, har sauran gidajen suna yi masa hassada a kansu. Mutumin da ya zuba wa rijiyar gari guba, sa'an nan ya zauna a ƙofar gidansa yana rabon ruwa ga wanda ya durƙusa masa, ba za a kira shi mai kyauta ba.

Tarihinmu yana da ƙissar da ta fara kamar wannan, ta ƙare daban. Kafin aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani fatake daga ƙasar Yaman ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'ilu ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya rasa mai tsaya masa, ya hau dutse ya yi ta shelar zaluncin da aka yi masa. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'anu, suka yi alkawari cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ko baƙo, har a mayar masa da hakkinsa. Suka tafi suka karɓo masa kayansa. Wannan shi ne Hilful Fuduli, Annabi ya halarce shi yana saurayi, kuma ya yabe shi bayan zuwan Musulunci. Dubi bambancin. A fili aka ƙulla shi, kowa ya ji. Hakkin kaɗai aka karɓo, ba a ƙara ko ƙwayar dabino ba. Ba a nemi fataken ya zama bara ga kowa ba, ya ɗauki kayansa ya kama hanyar garinsu, babu wanda ke binsa bashi.

Yanzu sai batun ƙisasi, wanda shi ne zuciyar tambayar. Allah ya wajabta shi a Suratul Baƙara, aya ta 178 da ta 179, ya kuma bayyana cewa rayuwa ce ake nufi da shi. Amma yana da sharuɗɗa, kuma kowane sharaɗi ƙofa ce da aka toshe wa son zuciya. Sai laifi ya tabbata gaban alƙali, da iƙirari ko shaidu adilai, ko rantsuwar ƙasama inda hali ya kai ga haka. Wanda ya yi kisan ne kaɗai ake kamawa, ba ɗansa ba, ba ƙanensa ba, domin aya ta 164 ta Suratul An'am ta kore ɗaukar wa wani nauyin laifin wani. Aya ta 33 ta Suratul Isra'i ta ba magajin wanda aka kashe iko, a nan take kuma ta hana shi wuce iyaka. Mahukunta ne ke zartarwa, kuma malaman mazhabarmu sun ce ko magajin jini ne da kansa ya yi gaban kansa ba da izinin shugaba ba, to za a ladabtar da shi. Bayan duk wannan, an bar ƙofar afuwa da ta diyya a buɗe, an ma kwaɗaitar a kansu. Manufar duka ita ce jini ya tsaya a kan mutum guda, maganar ta mutu.

Ka auna wannan da abin da ya biyo baya a gidan Corleone. Wani dillalin miyagun ƙwayoyi, Sollozzo, ya nemi Vito ya ba shi jari da kariyar alƙalansa. Vito ya ƙi, kuma dalilin da ya bayar shi ne abokansa 'yan siyasa za su guje shi. Sai aka harbe shi a bakin titi yana sayen lemo, Allah ya sa da sauran kwana. Michael, wanda ya yi karatu, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kuma ya taɓa gaya wa budurwarsa cewa halin danginsa ba nasa ba ne, shi ne ya zauna cin abinci da Sollozzo da wani kyaftin na 'yan sanda a kan za a yi sulhu, ya ɗauko bindigar da aka ɓoye masa a bayan gida ya harbe su duka biyu. Ya gudu Sisili ya yi aure, aka dasa masa bom a mota, amaryarsa ce ta shiga. Babban wansa Sonny aka ja shi zuwa wani shingen karɓar kuɗin hanya aka yi masa ruwan harsashi, kuma mijin ƙanwarsa ne ya sayar da shi. Ranar nan ce aka tuna da bashin Bonasera, aka kai masa gawar ya gyara domin kada uwar ta gan ta a haka. Daga nan Vito ya nemi sulhu, ya amince da cinikin ƙwayar da ya ƙi da fari, inda a zaman ne wani daga cikin shugabannin ya ba da shawarar a riƙa zuba ta a unguwannin baƙar fata, yana kiransu dabbobi. Ina so mai tambaya ya tsaya a kan wannan magana da kyau, domin da shi da ni muna cikin waɗanda ake nufi.

Wannan duka sunansa ramuwar gayya, kuma Larabawa sun san ta tun kafin a haifi kakannin Corleone. Yaƙin Basus tsakanin Bakru da Taglibu a kan taguwa ɗaya ya tashi, masu tarihi suka ce ya kai shekara 40. Ausu da Hazraju sun cinye manyansu a ranar Bu'asu 'yan shekaru kaɗan kafin Hijira. Abin da Manzon Allah ya rushe ke nan a huɗubarsa ta Hajjin Ban-kwana, sa'ad da ya soke duk bashin jinin jahiliyya, ya kuma fara da jinin gidansu, na ɗan Rabi'atu ɗan Harisu ɗan Abdulmuɗɗalibi. Shugaban da ya fara yafe jinin danginsa, da shugaban da ya ƙone gari saboda jinin danginsa, ba hanya ɗaya suke bi ba.

To in ba ƙisasi ba ne, mene ne sunan aikinsu a fiƙihu? Sunansa hiraba, wadda hukuncinta ya zo a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, daf da ayar da ta daidaita kashe rai guda da kashe mutane baki ɗaya. Imamu Abu Hanifa ya taƙaita ta ga masu tare hanya a daji, amma Imamu Malik ya ce a cikin gari ma ana yinta, matuƙar an tsoratar da mutane an karɓi dukiyarsu ta yadda neman agaji ba zai yiwu ba. Wannan ita ce ainihin sana'ar Mafiya: ɗan kasuwa ya biya kuɗin kariya kowane wata, kariya kuwa daga sharrin mai karɓar kuɗin. Manoman Zamfara da Katsina da Sakkwato waɗanda 'yan bindiga suka ɗora wa haraji kafin su shiga gonakinsu ba su buƙatar a yi musu dogon bayani. Bambancin kawai, wannan yana sanye da kwat, wancan yana kan babur.

Akwai wasu mas'aloli uku na mazhabar Malikiyya da suka zauna daidai a kan wannan labari. Kisan gila, watau a yaudari mutum a ja shi inda ya sake sa'an nan a kashe shi, babu afuwa a cikinsa ko da magada sun yafe, domin ya zama hakkin jama'a. Taron dangi kuma ba ya kuɓutar da kowa, gama Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya kashe jama'a saboda mutum guda da suka haɗu suka kashe a San'a'a, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Ta uku ita ce ta fi shafar ubangida: wanda ya tilasta a yi kisa da wanda ya zartar, duka biyu ƙisasi yana hawansu, haka ma wanda ya riƙe mutum domin a kashe shi. Mafiya ta gina tsarinta ne a kan matakai, shugaba ya raɗa wa mashawarci, shi ya gaya wa kyaftin, kyaftin ya tura yaro, domin kada a sami jini a hannun na sama. Wannan dabara ta daɗe tana ba kotunan Amurka wuya, sai da aka yi wata doka a 1970 mai ba da damar kama shugaban ƙungiya a kan laifin ƙungiyarsa. Malamanmu sun rufe wannan kafa tun ƙarnoni da dama da suka wuce.

Wurin da ya fi girgiza ni a wasan shi ne kusa da ƙarshe. Vito ya mutu, Michael ya gaje shi, ya tsaya a coci a matsayin uban baftisma ga ɗan ƙanwarsa. Limamin Kirista yana tambayarsa ko ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, yana amsawa da i, a daidai lokacin kuwa yaransa suna bi ɗaya bayan ɗaya suna harbe shugabannin sauran gidaje huɗu da wani mai gidan caca na Las Vegas. Yana fitowa ya sa aka shaƙe uban jaririn da ya tsaya wa. Matarsa ta tambaye shi, ya dube ta ido da ido ya ce bai yi ba. Kada wani ya ɗauka aibin addinin mutanen ne. Mafiya ta kashe wani limamin coci, Pino Puglisi, a Palermo a 1993 saboda yana janye yara daga hannunta, kuma a 2014 Fafaroma Francis ya bayyana 'yan Mafiya a matsayin korarru daga coci. Cutar ta munafunci ce, kuma ba ta da ƙabila. Da a ƙasarmu aka shirya wasan, da an nuna shi ne a sahun farko, ko yana raba buhunan shinkafa da azumi. Hadisi ingantacce ya koya mana cewa Allah ba ya karɓar sai abin da yake tsarkakke, wani kuma ya sanar da mu cewa jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar ƙiyama. Girmamawar da ake yi wa irin waɗannan ma, Annabi ya lasafta wanda mutane ke kauce wa don tsoron sharrinsa cikin mafi munin matsayi a wurin Allah.

Zan yi wa masu wasan adalci: ba su ɓoye ƙarshen hanyar ba. Michael ya ce don kare iyali yake yin kome, amma a kashi na biyu ya sa an kashe wansa Fredo a cikin kwalekwale bayan rasuwar mahaifiyarsu, irin aikin Ƙabila da Habila, matarsa kuma ta rabu da shi. A kashi na uku harsashin da aka nufe shi da shi ya sami 'yarsa, ya mutu tsoho shi kaɗai a kan kujera. Sai dai duk da haka sun yi wa abin kwalliya, domin ba su cika nuna mai shagon da aka talauta ko yaron da ƙwaya ta haukata ba. Akwai ma abin mamaki: wani shugaban Mafiya na gaske, Joseph Colombo, ya matsa lamba har aka cire kalmar Mafiya daga wasan, kuma ana cikin ɗaukarsa a 1971 aka harbe shi a taron jama'a, ya kwanta a shanye har ya mutu a 1978.

Wanda yake son ganin fuskar ba kwalliya, ya dubi garin Corleone na gaske, inda Salvatore Riina ya fito. An gurfanar da mutum fiye da 450 a babbar shari'ar Palermo ta 1986 zuwa 1987, aka ɗaure fiye da 300. Ramuwar da Riina ya yi ita ce, ran 23 ga Mayu 1992 aka tashi babbar hanya da nakiya, aka kashe mai shari'a Giovanni Falcone da matarsa da masu tsaronsa uku, ran 19 ga Yuli kuma abokin aikinsa Paolo Borsellino da masu tsaronsa biyar. Kafin su, a 1991, an harbe wani mai masaƙa, Libero Grassi, don ya rubuta a jarida cewa ba zai biya kuɗin kariya ba. A 1993 suka sace yaro ɗan shekara 12 domin su rufe bakin ubansa da ke ba da shaida, suka tsare shi kwana 779, sa'an nan suka shaƙe shi suka narkar da gawarsa a cikin asid. Waɗannan su ne masu cewa ba su taɓa mata da yara. Riina ya shiga hannu a 1993, ya mutu a tsare a 2017. Magajinsa Bernardo Provenzano ya yi shekara 43 yana ɓuya, aka kama shi a 2006 a wata bukka kusa da Corleone, da Baibul a gefensa duk ya ja masa layuka.

Saura abu guda da ba zan tsallake ba, domin mai tambaya yana da gaskiya a cikinsa. Ƙofar ubangida ba ta cika sai ƙofar alƙali ta rufe. Da an yi wa 'yar Bonasera adalci, da ubanta bai taka ɗakin nan mai duhu ba. Saboda haka alƙalin da ya saki mai laifi don darajar gidansu yana da kaso a cikin duk jinin da ya biyo baya, kuma wannan ne ya sa fuskar Annabi ta sauya sa'ad da Usamatu ɗan Zaidu ya zo ceton matar nan ta Banu Mahzum da ta yi sata, har ya bayyana cewa irin wannan bambanci tsakanin mai ƙarfi da mai rauni shi ya halaka al'ummomin da suka gabata. Wanda kotu ta zalunta, abin da ya rage masa shi ne ɗaukaka ƙara, da neman manyan gari masu gaskiya su tsaya masa a fili irin tsayawar mutanen gidan Ibn Jud'anu, da kai kuka ga Wanda babu shamaki tsakaninsa da addu'ar wanda aka zalunta. Na san hanyar tana da tsawo, wani lokaci ma ba a ganin ƙarshenta a nan duniya. Amma ɗaukar 'yan daba haya gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Game da kallon wasan kansa, wanda mai wasiƙa ya tambaya a ƙarshe: akwai tsiraici a wasu wurare, akwai zubar da jini mai yawa, don haka ba na yara ba ne ko kaɗan, babba ma ban ce ya je ya nema ba. Wata wasiƙar kuma ta iso daga wani manomi yana tambayar ko akwai zunubi a kan wanda aka tilasta wa biyan harajin 'yan bindiga domin ya tsira da ransa da amfanin gonarsa. A kanta za mu tsaya mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.